Akawu Ya Gyara Mutanen Littafi

A bayan kasuwa, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da gilashin ido, akwai wani ɗan shagon ɗab'i, a cikinsa kuma akwai wani mutum da kowa ke kira Akawu. Aikinsa ɗaya ne: a kawo rubutun hannu, ya zauna gaban kwamfuta ya buga shi tsaf, a miƙa wa mai injin. Tun zamanin tafireta ya fara, shi ya sa har yau yake dukan madannai kamar sun zage shi. Manaja, mai shagon, ya yi magana har ya gaji ya sa masa ido.

Akawu ba mugun mutum ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Cutarsa guda ce, bai iya ganin abu a karkace ya wuce ba. In ya shigo ɗakinka ya ga kalanda ta jirkice, kafin ku gama gaisawa ya tashi ya daidaita ta. In kana ba shi labarin ɓarawo ya shiga gidanka, ba za ka ji "Allah ya kiyaye gaba" ba sai ya gama nuna maka inda ya kamata ka sa sakata.

Wannan halin ne ya shiga tsakaninsa da ƙaninsa. Gidan da mahaifinsu ya bari suka raba biyu, katanga a tsakani, ƙofa kusa da ƙofa. Ƙanin, malamin gona ne, ya tashi sabunta rufin ɓangarensa, sai ga Akawu da takarda da fensir, ya zana masa yadda ruwa ya kamata ya gangara. Ƙanin ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Na gode, Yaya, amma ɗakina ne." Shi ke nan fa. Ba zagi, ba ɗaga murya. Akawu ya naɗe takardarsa ya koma gida, ya ce wa matarsa a ƙyale yaron, damina za ta koya masa hankali. Yaron nan kuwa furfura ta riga ta fara fito masa.

Damina ta zo ta wuce. Wata ta zo ta wuce. Rufin nan, don tsabar rashin kunya, ko ɗigo ɗaya bai yi ba. Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi sai Akawu ya lallaɓa jikin katanga ya kasa kunne, ko zai ji ana jan bokiti ana tarar yoyo. Shiru kake ji. Tun ana gaisuwa sama-sama har ta koma ɗaga hannu, daga baya ma in sun haɗu a ƙofa sai kowa ya tuna yana da agogo ya hau dubawa. 'Ya'yansu na wasa tare, matansu na miƙa wa juna gishiri ta kan katanga, su kuwa manyan gida sun shekara da shekaru ba wanda ya ji muryar wani sai dai tari.

Kwatsam aka yi wa ƙanin canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, tafiyar yini guda cur. Zai sa 'yan haya a ɓangarensa, motar kaya za ta zo ranar Asabar. Matar Akawu ce ta kawo maganar yana shan shayin safe.

"Baban yara, ka ji ƙaninka zai tashi?"

"Na ji."

"To?"

"To me? Ni zan riƙe masa tayar mota?"

"Haba dai. Ka leƙa ka ce Allah ya kiyaye hanya mana. Ciki ɗaya fa kuka fito."

"Shi ne ƙarami. Ban ji an ce ƙafarsa ta karye ba."

Ya faɗi haka ne da ƙarfi, amma ya ture shayin gefe bai shanye ba. Yana son ƙanin nan nasa, so na gaske. Shi ya goya shi, shi ya koya masa keke, shi ya tare masa faɗa a makaranta. Tunanin ya farka wata safiya ya ji baƙuwar murya a bayan katanga yana tsinka masa zuciya. Sai dai yana ganin in ya fara magana, kamar ya yarda ke nan rufin daidai ne.

A cikin wannan makon ne wata dattijuwa ta shigo shagon da jakar leda cike da takardu. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, kowa Sista yake ce mata. Ta dire jakar a kan tebur ta ce littafi ta rubuta, ƙagaggen labari, tana so a buga. Manaja ya tura wa Akawu, ya ce, "Abin da ta rubuta shi za ka buga, ka ji ko?"

Akawu ya taɓe baki. Shi abin da ya sani katin gayyata ne, da takardun jarrabawa, da sanarwar neman ma'aikata. Ƙagaggen labari kuwa bai taɓa karanta ko ɗaya ba, yana cewa aikin marasa abin yi ne a zauna ana kuka a kan mutanen da ba a haifa ba. Ya gyara tabarau ya fara duka.

Kafin azahar labarin ya cafke shi. Wani attajiri ne mai shagon yadi, da ɗansa tilo namiji wanda ya ce shi ba zai gaji shago ba, aikin jirgin ruwa yake so. Uban ya yi fushi ya daina yi masa magana. Ranar tafiya ta zo, yaron ya ɗauki jakarsa yana saukowa daga bene a hankali, yana jan ƙafa ko za a kira shi. Uban na zaune a ɗaki, yana jin takunsa, bakinsa a rufe.

"Kira shi mana!" Akawu ya daka wa kwamfuta tsawa, har mai injin ya leƙo. "Kai wane irin mutum ne? Ɗanka ne fa!"

Ya juya shafi da sauri. Attajiri bai kira ba. Yaro ya tafi.

Akawu ya ƙi cin abincin rana. Ya zauna ya karance sauran takardun, ransa na ƙara ɓaci. Daga wannan shirun komai ya lalace. Yaron ya faɗa hannun 'yan damfara a bakin teku. 'Yar attajirin ta amince wa wani mai daɗin baki ya gudu da gwala-gwalanta. Mai gadi ya kunna risho kusa da dilolin yadi, shago ya ƙone ƙurmus. Attajirin ya kamu da ciwo, ya ƙi zuwa asibiti, ya mutu a babi na tara yana kiran sunan ɗansa. Akawu ya cire tabarau ya share ido, ya ce wa mai injin ƙurar takarda ce.

Ya koma kan shafin benen, yatsunsa a sama. Ya daɗe yana kallonsa. Shi fa a rayuwarsa bai taɓa barin kuskure ya wuce ta hannunsa ba, kuma wannan kuskure ne ƙarara, kowa ya gani ya san kuskure ne. Sai kawai ya buga: Attajiri ya miƙe, ya buɗe ƙofa, ya ce, "Ɗana, dawo mu yi magana."

Wayyo daɗi! Ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka.

Sai dai gyara ɗaya ya jawo wani. Tunda an shirya, yaro ba zai tafi a fusace ba, to ina 'yan damfara za su same shi? Akawu ya cire su. 'Yar attajirin ya sa ta ta nemi shawarar goggonta, goggo ta dubi mai daɗin bakin nan sau ɗaya ta ce a rufe ƙofa. Mai gadi ya ɗauki rishonsa ya fita waje, kamar yadda duk mai hankali zai yi. Attajirin na jin zazzaɓi ya tafi asibiti, aka ba shi magani, ya sha a kan lokaci, ya warke. Akawu na bugawa yana gyaɗa kai, bai taɓa jin daɗin aiki irin na wannan karon ba. Mutanen nan suna jin magana. Ka ce su zauna su zauna, ka ce su nemi gafara su nema, ba mai ce maka ɗakinsa ne.

Ranar Laraba Sista ta dawo duba aiki. Akawu ya miƙa mata takardun da hannu biyu, yana murmushi. Ta auna su a tafin hannunta, ta dube shi.

"Malam Akawu, ina sauran?"

"Shi ke nan duka, Sista."

"Jaka guda na kawo. Wannan ai ko fifita ba zai yi ba."

Ta zauna ta fara karantawa. Ta juya shafi, ta koma baya, ta cire tabarau ta goge ta mayar. Manaja ya bar abin da yake yi ya matso.

"Ina gobarata?" in ji Sista.

"Ba a yi ba. Mai gadin ya fita da rishon waje."

"Ina gawar da na ajiye a babi na tara?"

"Ya je asibiti da wuri, Sista. Ke ma kin san abin da ya kamata ke nan, aikinki ne."

"To babi na taran yana ina?"

"Ai babu abin da za a sa a ciki. Kowa lafiya lau. A na huɗu aka gama."

Manaja ya dafe kai ya ce, "Na shiga uku." Mai injin ya kashe injinsa don kada wani abu ya wuce shi. Sista kuwa ba ta yi ihu ba, irin matan nan ne da suka saba yi wa ƙatti allura suna kuka. Ta karanta shafin ƙarshe da ƙarfi: attajiri da ɗansa da 'yarsa da mai gadi suna zaune suna shan lemo, kowa na yaba shawarar da kowa ya yanke.

"Wa zai karanta wannan?" ta tambaya. "Ni da na haife su ma barci nake ji."

Akawu ya miƙe, abin ya taɓa shi. "Sista, da girmanki, mutumin nan da kika rubuta ba shi da hankali. Ɗanka na saukowa daga bene, kana jin takunsa, kalma ɗaya ta gagare ka? A kan me? A kan shago? Wallahi babu mai hankalin da zai yi haka. Ni dai da ni ne..."

Manaja, wanda ya san zancen rufi tun farkonsa, sai tari ya sarƙe shi, har sai da ya fita waje neman ruwa.

"Wa ya ce maka ba shi da hankali?" in ji Sista. "Na ƙare ƙuruciyata a asibiti. Wawa in ka ce ya sha magani, sha yake yi. Masu hankalin ne ke ba mu wahala, kowanne da dalilinsa mai kyau, har mu rufe masa ido yana da gaskiya. Attajirina ya fi ka hankali, shi ya sa ya iya samo dalilin yin shiru. Zauna ka mayar mini da mutanena yadda na kawo su."

Ba ta yarda da shi ba kuma. Ta jawo kujera ta zauna a gefensa, tana karantawa da baki yana bugawa, idonta a kan allo. Haka suka yi ranar, suka yi washegari, suka kai Juma'a. Da hannunsa ya mayar da 'yan damfara, da hannunsa ya kunna rishon. In ya yi jinkiri sai ta ƙwanƙwasa tebur da biro. Shafin benen ta bari a ƙarshe don ta lura nan yake kaucewa. Ta karanta a hankali: yaron na saukowa, uban na ji.

"Sista, ko tari ne a bar shi ya yi. Yaron zai juyo."

"Buga."

"Ko ƙofar ce ta yi ƙara..."

"Malam Akawu, buga."

Ya buga. Attajiri bai kira ba. Akawu ya ji baƙin ciki ya cika shi, na mutumin da ba a haifa ba, da wani baƙin cikin kuma, nasa na kansa, wanda ya ƙi ya duba.

Asabar da hantsi motar kaya ta tsaya a ƙofar gida. Akawu ya fito da kujera tsakar gidansa ya buɗe tsohuwar jarida, wai karatu yake. Ta kan katanga yana jin komai: jan gado, ƙarar tukwane, ƙanin na cewa a yi hankali da madubi. A ransa ya shirya jawabi mai kyau, da gabatarwa da kammalawa, wanda a ciki zai yafe wa yaron ba tare da an ambaci rufi ba. Ya maimaita shi ya fi a ƙirga. Ƙafarsa dai ta ƙi tashi. Matarsa ta wuce shi da tsintsiya, ta dawo ta sake wucewa, sharar kuwa duk a gefen ƙafarsa take ƙarewa.

Ya ce bari ya leƙa waje ya ga ko motar ta tare masa ƙofa. Nan idonsa ya faɗa kan kayan. Innalillahi! An ɗora firji a kwance a kan katifa. Kujeru ƙafafu sama, kowace ta kama gabanta. An sa kwalin kwanuka a ƙarƙashin buhun littattafai. Mota ta kusa cika, rabin kaya na ƙasa, direba da masu lodi na tsaye suna muhawara. Jawabin nan gaba ɗaya ya bi iska.

"Wane ne ya kwantar da firjin nan?" ya faɗa da tsawa. "Ba a kwantar da firji! Ku sauke!"

Ƙanin ya fito daga ƙofa rungume da fanka. Suka yi ido huɗu. Matan biyu suka leƙo, kowace daga ƙofarta. Ƙanin ya ajiye fankar a hankali, ya ɗauko igiya daga ƙasa ya miƙa.

"To riƙe nan, Yaya."

Akawu ya karɓa. Ya tuɓe riga ya haye motar, ya sa aka sauke komai, aka fara daga farko. Masu nauyi a gaba, gado a tsaye jikin bango, kujeru baki da baki, tukwane ƙanana a cikin manya, matasai a cusa duk inda rami ya rage. Yana ba da umarni ƙanin na miƙo masa, suna gardama kamar ba a taɓa dainawa ba.

"Wannan teburin ai tuni nake gaya maka ƙafarsa gajera ce."

"Yaya, kai ka zaɓa mini shi."

"To ai ka ga ya daɗe."

Ƙanin ya yi dariya, irin dariyarsa ta yarinta mai haɗe da shaƙuwa, Akawu ya juya baya yana ɗaure igiyar da ta riga ta ɗauru. Daɗi ya kama shi har yana jin kunya. Direba ya ce shi dai a ganinsa kayan nan ba za su shiga ba. Wannan magana kuwa ita ta ƙara zuga Akawu. Ya cire ƙafafun kabad, ya zura tabarmi a cikin bututun labule, ya rataye keken yara a bayan mota. Ya shiga ɗakunan da kansa ya zagaya, ya kwaso abin da ya rage har da ƙusoshin bango da igiyar shanya. Kafin rana ta take, ko tsinke babu a ƙasa. Direba ya zagaya motar ya sara masa, ya ce tunda yake lodi bai taɓa ganin irin wannan ba.

Tunda an gama da wuri, direba ya ce gara a kama hanya. Aka yi sallama a tsaitsaye, mata na share hawaye, yara na ɗaga hannu. Ƙanin ya riƙe hannun Akawu, ya buɗe baki, ya rufe. Akawu ya lalubi jawabinsa bai samu ko gefensa ba.

"In kun yi nisa ku tsaya ku duba igiyar baya," ya ce.

"To, Yaya."

Mota ta tashi, ta sha kwana. Akawu ya shigo gida yana karkaɗe hannu, ƙirji a gaba.

"Kin gani ko? Wai ba za su shiga ba."

Matarsa na zaune a bakin ƙofar kicin, ba ta yi dariya ba.

"Na gani," ta ce. "Sawu biyu suka shirya yi. Jiya ƙaninka ya ce wa matarsa zai kai su ya dawo gobe ɗaukar sauran shi kaɗai. Ɓangarensa ba gado, don haka a nan zai kwana biyu, a ɗakinka, in ka yarda. Ya ce maganar da ke bakinsa ba ta gaban masu lodi ba ce. Har na wanke zanin gado."

Akawu ya tsaya da rigarsa a hannu. Can ya juya ya fita, ya koma ɓangaren ƙaninsa. Ɗakunan fayau, takunsa na amsawa. Ya duba bayan ƙofa, ya duba saman taga, ya shiga kicin ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin kanta, ya zura hannu yana lalube. Matarsa ta biyo shi ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baban yara, me kake nema?"

"Ko sun manta wani abu," ya ce. "Ko cokali ne. Dole a dawo a ɗauka."

"Kai fa ka shirya kayan," ta ce a hankali. "Me za a manta?"